Ranar da Sarjan Ta Yi Ƙwai

Sun zare ƙusar mijinta daga bango, suka naɗe ta a takardar sukari, suka aika mata gida. Abin da mazan ƙungiyar masu kanari na garin Azru suka yi wa Lalla Ijja ke nan, kuma laifinta ɗaya ne: tsuntsun da take kawowa ya yi ƙwai.

Wanda bai san bangon ba zai ce ai ƙusa ce kawai. Bangon yana tsakar gidan da ke bayan shagon shayin Mimun, inda rana ke fara sauka da hantsi. Kowace Lahadi masu kanari kan taru, kowa ya rataye kejinsa a ƙusarsa, ya ja kujera ya zauna ƙarƙashinta. A kawo shayi da na'ana'a, a yi tsit ana sauraron tsuntsaye, daga nan a ɓarke da gardama har azahar. Mai ƙusa shi ke da kujera. Kujerar nan kuwa ita ce kaɗai wuri a duk faɗin garin da wani zai ɗago kai ya ce, "Lalla Ijja, kin makara yau." Sauran kwanakin mako, sai ta yini ba ta ji sunanta a bakin kowa ba.

Ijja ba 'yar Azru ba ce. Daga kudu take, wani ƙauye a kwarin Sus, bayan Tarudant, inda dusar ƙanƙara sai dai a hango ta can a kan duwatsu. Ta tashi tana kiwon awaki a gindin itatuwan argan, kuma a can ta koyi fito, don akuyar da ta hau bishiya ba ta jin lallashi. Akwai wani tsuntsu mai baƙar hula a sarƙaƙiyar ƙauyensu, shi ta fi kwaikwaya. Namijin yakan yi wani fito mai gangarowa a hankali, kamar mutumin da ke saukowa daga tudu ba ya sauri, kafin ya rufe baki matarsa ta karɓe da wata irin guɗa daga reshen gefe. Rani da damina suna nan, a sarƙaƙiya ɗaya, su biyun nan dai. Ijja ta iya fiton namijin, ta iya amsar macen. Ba ta taɓa ɗaukar abin da mamaki ba. A wajenta haka tsuntsaye suke.

Mijinta Buazza direban babbar mota ne, yakan kai katako kudu ya ɗauko lemo. Motarsa ta taɓa mutuwa a bakin ƙauyensu, ya kwashe kwanaki yana jiran kayan gyara, ya ci burodin gidansu har ya saba. Ita ta ce tana son sa, ba wanda ya tura ta. Ta hau gaban motar da akwatinta da tulun man argan, aka yi ta hawa dutse har kunnuwanta suka toshe.

Sanyin farko ya kusa kashe ta. Yatsunta suka tsattsage, ta koyi kwana da safa. Yarenta da na matan unguwa 'yan uwan juna ne, amma in ta buɗe baki sai su dubi juna su danne dariya, har ta rage magana. Ranar da ta manta ta yi fito tana shanya, uwar mijinta ta leƙo ta taga ta ce, "Ke 'yar Sus, aljanu kike kira mana cikin gida?" Daga ranar ta haɗiye fiton.

Da ƙanƙara ta narke, tsuntsaye suka cika gari, ta tsaya tana sauraro. Ta ji maza suna ta tsage maƙogwaro a kan wayoyi da rufin gidaje, ba mai amsa musu. Da dawowar Buazza ta tare shi.

"Wai matan tsuntsayen garinku bebaye ne?"

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. "Sanyi ne ya kama musu murya. Ke ma ki shekara biyu a nan ki gani."

Wasa yake yi, amma ta daɗe tana juya maganar. Abin da ta gano da kanta shi ne, a nan lokaci gajere ne. Da yawansu baƙi ne, su zo a gurguje, namiji ya yi ihu ya kama wuri, mace ta faɗa sheƙa, kafin a ankara sanyi ya kore su. Ina ta ga sukunin waƙa? A garinsu kuwa ba inda za su. Bishiyar tasu ce su biyu, tare suke tsaronta, don haka kowa da bakinsa. Ta faɗa wa Buazza, ya ce to Malama. Ba ta sake faɗa wa kowa ba, don babu wanda ya tambaya.

Haka ta rayu. Ta yi saƙar darduma a ɗaki, ta haifi ɗa ɗaya, Yidir, ta raine shi, ya girma ya tafi Beljiyam. Yakan kira ran Juma'a, yana tuƙi, rabin maganar da ita rabi da fitilar hanya. Uwar miji ta rasu. Buazza ya ajiye mota ya ɗauki kanari, ya kafa ƙusarsa a bangon Mimun da hannunsa, ta uku daga bakin ƙofa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi. Ya tashi, amma hannun dama ya tafi, baki ya karkace. Ba ya iya ɗaukar keji, kuma ya rantse ba zai fasa Lahadi ba. Ijja ce ta riƙa riƙe shi da hannu ɗaya, keji a ɗayan, har tsakar gidan. Da farko takan ajiye shi ta koma ta jira a bakin lungu cikin iska. Wata rana Haddu, tsohon yaron motar Buazza wanda shi ma yanzu ya yi furfura, ya ce, "Haba jama'a, matar maigidana tana daskarewa a waje muna shan shayi?" Aka ba ta kujera a gefen mijinta. Mace ta farko da ta zauna a wurin, kuma ba wanda ya mutu saboda haka.

A lokacin ne Buazza ya sayo wani ɗan kanari daga kasuwar Meknes, rawaya mai ɗigon kore a wuya, da zoben ƙarfe a ƙafa. Mai sayarwa ya ce namiji ne, don ya fara gunguni a maƙogwaro. Yana tsayawa ƙirji a gaba, sai Buazza ya raɗa masa Sarjan. Ƙaramin kanari da kunne yake koyon waƙa, abin da ya ji shi yake ɗauka. Buazza ya so ya yi masa fito, leɓe ya ƙi haɗuwa, iska kawai ke fita. Ya gwada, ya sake gwadawa, hawaye ya zubo masa. Ijja tana bakin murhu tana kallo. Sai ta matso, ta laso leɓenta, ta saki fiton da ta binne tun tana amarya, na tsuntsu mai baƙar hula, na namijin da amsar macen a jere.

Buazza ya dube ta da ido ɗaya mai lafiya. "Duk shekarun nan kina da wannan a baki?"

"Uwarka ta ce aljanu nake kira."

"To kira su. Ko sa taya mu hira."

Kullum da safe ta yi wa Sarjan fito, Sarjan ya karkata kai. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya ya fara saka gangarowar nan a tsakiyar waƙarsa ta kanari, ya ɗora guɗar a ƙarshe. Buazza ya ji ta cikakkiya kafin ya rasu, a tsakiyar sanyin shekarar. Wannan kam Allah ya ba shi.

Tana takaba cikin fararen kaya, Haddu ne ke zuwa ya ɗauki kejin ran Lahadi, ya dawo da shi da azahar, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ba ta labarin abin da aka ce. Da ta fita takaba, ta ɗauki kejin da kanta ta tafi. Ta tsaya a ƙofar tsakar gidan. Si Allal mai aski, shugaban ƙungiyar, ya dube ta, ya dubi kejin, ya ce, "Ƙusar Buazza ce, tsuntsun Buazza ne. Zauna, Lalla."

Kada a ɗauka tausayi ne zalla. Waƙar Sarjan suke so. Ba wanda ya taɓa jin irinta a bangon, har daga garin Ifran ake zuwa saurare. Da kaka ta yi, lokacin da ƙananan mazan kanari ke buɗe kunne, kowa ya riƙa roƙon a matso da kejinsa kusa da Sarjan don ɗan kanarinsa ya ɗauka. Si Allal da kansa ya yi musayar ƙusa da Haddu, don nasa ya samu gefen dama. Ijja ba ta hana kowa ba. Tana zaune da kofinta, hannaye cikin hannun jallaba, ana tsokanarta tana ramawa. Mimun ya ce, "Lalla Ijja, mutanen Sus an ce ko sukari ƙirga shi kuke." Ta ce, "Shi ya sa na san ka rage mana yau." A yi dariya. Ta koma gida da dariyar nan, ta yi ta lasarta har wata Lahadin.

Ranar da abin ya faru, gari ya fara ɗumi, shamuwa sun dawo kan hasumiya. Sarjan ya yi waƙa ɗaya gajera ya sauka ƙasan keji ya lafe a kusurwa. Da ya tashi, Haddu ya leƙa.

"Lalla, me kika sa masa a ciki? Alewa?"

Mimun ya ajiye tire ya matso. "Wace alewa? Wallahi ƙwai ne!"

Wurin ya kece da dariya. "Sarjan ya sauka lafiya!" "A nemo ragon suna!" "Haddu, kai ne kake ɗaukarsa lokacin takaba, sai ka yi mana bayani!" Ijja ma ta yi dariya har ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Oh ni, Buazza, ashe Sarjan ɗinka 'yar budurwa ce."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Si Allal ya jira aka lafa, ya ce, "Mace ba ta waƙa."

"To wa ya yi ta rera muku tun bara, Si Allal? Ni ce a cikin kejin?"

"An sauya tsuntsu."

Haddu ya nuna zoben ƙafa, shi ne dai wanda kowa ya sani. Si Allal ya ce to allura ce, irin wadda marasa tsoron Allah ke yi wa mata su yi waƙar maza a sayar. Haddu ya ce ƙasa-ƙasa ai allurar ba ta daɗewa take sakin tsuntsu, wannan kuwa ya fi shekara yana yi. Ba wanda ya nuna ya ji shi.

Ijja ta ce, "Ni ban taɓa ɗaga masa riga na duba ba. Kuma me ye abin tashin hankali? A garinmu mace tana amsa wa mijinta a kan bishiya, kowane yaro ya sani."

"A garinku awaki ma bishiya suke hawa," in ji Si Allal. Aka sake dariya, amma ba irin ta ɗazu ba.

Sannan ya kawo doka. Mace ba ta hawa bango, don in maza suka ji ta sai su bar waƙa su koma kiran aure. Dokar tana nan, ba ƙarya ya yi ba. Amma tsuntsuwar nan ta fi shekara a bangon, wane namiji ne ya lalace? Gaskiyar da ba wanda ya iya furtawa ita ce, kowannensu yana da ɗan kanari a gida da ya yi karatu a gaban mace, kuma sun yi ta alfahari da shi a gari.

Si Allal ya ce shi mai adalci ne. Ta dawo da ita Lahadi mai zuwa. In ta yi waƙa a gabansu, yanzu da kowa ya san mace ce, ƙusa tana nan.

Ijja ta yini mako tana yi mata fito. Sarjan ba ta kula ba. Hankalinta ya koma kan zare, tana tsinko shi daga ƙyallen rufin keji tana tarawa a kusurwa. Duk mai kiwon tsuntsu ya san mace in ta shiga wannan hali ba ta da lokacin komai, kuma Si Allal ya fi kowa sani. Shi ya sa ya zaɓi makon.

Ran Lahadi ta rataye kejin. Aka zuba shayi, ba mai sha. Sarjan ta yi tsalle, ta ci tsaba, ta ɗauki zare a baki. Sai Ijja ta miƙe, tsohuwa mai furfura a gaban maza, ta yi abin da ba ta taɓa yi a wajen ɗakinta ba tun ranar da uwar mijinta ta hana ta. Ta yi fito. Ya fito da rawa da farko, sannan ya daidaita, ya gangaro a hankali.

Sarjan ba ta ɗago ba. Amma daga dama, kanarin Si Allal ya karɓe. Na Haddu ya bi, na wani ya bi, bangon gaba ɗaya ya ɗauki waƙar kwarin Sus har da guɗar macen a ƙarshe. Mazan suka sunkuyar da kai cikin kofunansu.

Si Allal ya gyara zama ya ce, "To kin dai ji da kunnenki, Lalla. Maza ne suka amsa."

Ta sauke kejinta, ta rufe shi da ƙyalle, ta fita. Ba wanda ya raka ta bakin lungu.

Washegari Haddu ya ƙwanƙwasa. Ya miƙa mata ƙunshin takarda bai dube ta ba. Ya ce sun ce a ba wani sabon mutum wurin, shi kuma ya ga gara ya zare ta da hannunsa da a jefar. Ta buɗe, ta ga ƙusar, kanta a ɗan lanƙwashe inda gudumar Buazza ta kauce.

"Kai ka zare?"

"Lalla, ni kaɗai ne, su kuma..."

"Ka ci abinci a gidan nan kana yaro, Haddu."

Haddu ya juya. Ya sauka.

Ta jefa ƙusar cikin kofin shayin Buazza, ta ajiye a taga. Lahadi ta koma kamar Talata. Takan tashi ta share ɗakin da ba wanda ya ɓata, ta dafa shayi a ƙaramar buta, ta zauna gaban kejin da ba ya cewa komai. Da Yidir ya kira ta ba shi labari, ya ce, "Inna, don tsuntsu? Ki sayi wani mana, namiji." Ta ce to. Hanyar gidan burodi ta lungun Mimun take bi, kuma in ta wuce da hantsin Lahadi, fitonta ne ke tsallako katanga ya same ta. Tun tana tsayawa har ta koma zagayawa ta bayan masallaci, duk da ciwon gwiwa.

Wata rana tana tsince alkama, rediyo a kunne, ta ji wata mata mai binciken tsuntsaye tana bayani. Ta ce a ƙasashe masu ɗumi, inda tsuntsaye ke zama wuri ɗaya duk shekara, mata da yawa suna waƙa. Ta ce ana ganin tun asali mace da namiji duk suna yi, daga baya ne matan wasu tsuntsayen, musamman masu ƙaura zuwa wuraren sanyi, suka bari. Ijja ta ajiye faifan. Ta juya don ta ce wa Buazza, ka ji ko, Malama ta faɗa maka. Kujerarsa ce kawai a wurin. Ta juya ga kejin ta ce, "Kin ji? Ba koya kika yi ba. Tunawa kika yi."

Bazara ta wuce, Sarjan ta zubar da tsohon gashi ta yi sabo. Da sanyin kaka ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, wata safiya Ijja tana hura murhu, ta ji gunguni a bayanta. Ba ta juya ba, don kada ta kore shi. Gungunin ya buɗe, ya hau, ya gangaro, ya ƙare da guɗa. Ta zauna a ƙasa da ashana a hannu har aka gama.

Tun ranar kullum sai ta yi. Mu maƙwabta muna ji ta bango. Ijja ta aika wa Haddu, ya ce zai faɗa musu. An faɗa wa Si Allal a shagonsa, reza a hannu, ya ce shi bai ji ba. Ina zai ji, yana can ƙasa, waƙar tana hawa na biyu? Ita kuwa ta ce ba za ta sake ɗaukar keji ta je ta tsaya a ƙofa kamar mai bara ba, kuma ta yi daidai.

Saboda haka, Si Allal, da kai da Mimun da Haddu da sauran masu kujera, ga abin da ake nema a wurinku. Kai ka ce in ta yi waƙa ƙusa tana nan. Tana yi. Gidan Buazza bai tashi daga inda kuka san shi ba, kun ci gyaɗa kun sha shayi a cikinsa ranar ta'aziyya. Ku hau matakalar da hantsi, ku cire takalma, ku zauna ku saurara. In kun ji, ku ɗauki ƙusar, tana cikin kofi a taga, ku mayar da ita raminta, ta uku daga bakin ƙofa, ku ajiye kujera a ƙarƙashinta. In kuma kun ce har yanzu mace ba ta waƙa, to ku cire waƙarta daga maƙogwaron tsuntsayenku ku naɗe a takardar sukari ku aika mata, yadda kuka aika da ƙusar.